Inda Alƙalamin Baba Ya Tsaya

Babana mai zanen riga ne. Shi ake kawo wa babbar riga tun babu komai a jikinta, ya shimfiɗa ta a cinya a zauren gidanmu da ke Mandawari, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya zana hanyar da allurar mai ɗinki za ta bi. Aska biyu, aska takwas, tambari, duk yana yi kamar sauran masu zane. Amma akwai wani dagi da yake sawa a bayan riga, wanda ya gada wurin kakanmu, kuma saboda shi ake tsallake zauruka da yawa a zo namu. Layi ɗaya ne tak, ya hau kan ɗan'uwansa, ya nutse ƙarƙashin na gaba, ya yi ta kewayawa har ya dawo inda ya taso.

Ni ban koya ba, gara in faɗa tun yanzu. Na yi boko, na zama malamin lissafi a wata sakandare, na shekara ashirin ina wuce shi a zaure da takalmina mai ƙwas-ƙwas. Bai taɓa matsa mini ba. Iyakarsa ya ɗago kai ya ce, "Malamin makaranta, a dawo lafiya."

Bara waccan hannunsa ya fara rawa. Da farko shayi ne yake zuba masa a gaban riga, muna yi masa tsiya. Daga baya likita ya ja ni gefe ya ce abin ba na warkewa ba ne, sai dai lallaɓawa, ga kuma hawan jini. Ranar ina dawowa gida na zazzage akwatinsa ina neman takardar da ya zana dagin a kai. Babu. A kan riga kawai yake zanawa, mai ɗinki ya bi da zare ya rufe tawadar, abin da ya rage wankin farko ya tafi da shi. Mutum ya yi shekara hamsin yana zane, amma babu zanensa ko ɗaya a duniya, sai riguna. Na zauna a kan akwatin nan gumi yana keto mini.

Ƙanwata ce ta kawo shawara. Tana sayar da atamfa da mayafai ta waya, kuma duk tallarta da AI take haɗawa, manhajar nan da za ka kwatanta mata abu ta ƙera maka hotonsa nan take.

"Yaya, me ya yi zafi?" in ji ta. "Ka tara hotunan rigunan ka ba manhajar. Fuskar mutum ma tana ƙerawa, balle zare."

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na kama. Duk hutun daminar nan na ƙarar da shi ina bin gidajen waɗanda Baba ya taɓa yi wa aiki, daga lungunanmu har Ƙofar Kabuga. Tsofaffin alhazai suna fito mini da rigunan aurensu, matan da mazansu suka rasu suna buɗe mini akwatuna masu ƙanshin kafur, ni kuwa ina durƙushe ina ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Ina jin kaina wani babban mai ceton tarihi.

Hannun Baba da hantsi yake lafawa, bayan ya sha magani, na kamar awa ɗaya. Lokacin ne kuma haske ya fi kyau a ɗauki hoto. Sau da yawa ina ɗaura agogo zai kira ni.

"Malamin makaranta, zo ka zauna. Yau hannun ya yi hankali."

"Baba, bari in je in dawo, wani Alhaji yana jirana da rigarsa."

Sai ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta.

Da na zuba wa manhajar hotunan, abin da ta fitar ya sa na kusa tashi tsaye. Dagi ne sak, tsaf-tsaf, ta yi shi da zaren zinare, ta yi shi da fari a kan shuɗi, kala-kala har na rasa na zaɓa. Na kai wa Baba wayar bakina har kunne. Ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau. Wa ya zana?"

"Na'ura ce, Baba."

"Daga ina ta fara?"

Tambayar ta ba ni haushi. Na ce ba ta farawa daga ko'ina, gaba ɗaya yake fitowa. Ya yi 'yar dariya ya miƙo mini wayar. "To Allah ya ba mai ɗinki haƙuri."

Na ce a raina tsufa ne da kishin sana'a. Na buga hoton a takarda na nufi Ƙofar Wambai, wurin wani dattijo mai ɗinkin hannu, abokin Baba, wanda ya fi kowa ɗinke zanensa. Ya saka tabarau, ya ɗauki allura ba zare, ya ɗora bakinta a kan layin ya fara bi. Ya hau, ya nutse, ya hau. Can sai ya tsaya. Layin ya nutse sau biyu a jere, ya shige cikin wani, bai sake fitowa ba. Ya gwada ta wani gefen, nan ma ya maƙale.

"Ɗana, wannan ba ya ɗinkuwa. Allura ba ta da inda za ta fita."

Na ce ai shi ya ɗinka na gaskiyar ya fi a ƙirga, ya zana mini mana.

"Ni bin sawu na iya. Inda tawada ta yi kauri, nan babanka ya fara, nan nake soka allura in bi shi. Ka ɗauke sawun, ban san hanya ba." Ya dube ni ta saman tabarau. "Wai me ya kawo ka nan? Mai abin yana zaune a zaurenku."

Mai hankali da daga nan zaure zai wuce. Ni taurin kai ne da ni, kuma na ji kunyar a ce wata biyu na yi ina aikin banza. Na koma ɗaki na kama gardama da na'ura. In rubuta mata cewa layi ɗaya ne, hawa ɗaya nutsewa ɗaya, ta ba ni haƙuri, ta yaba basirata, ta kawo wani mai irin kuskuren a wani lungu. Ban taɓa ganin abu mai saurin ba da haƙuri da rashin gyara hali irinta ba. Mako guda cur na ɓata a haka. Ranar wata Laraba da hantsi na ji faɗuwar abu a zaure, na fito na tarar da Baba a kishingiɗe, tawada ta malale a tabarma. Ɓarin damansa ya shanye, harshensa ma ya tafi.

Da aka sallamo shi daga asibiti na sayo farin yadi, na feƙe alƙalami, na zauna a gefensa na hagu.  Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗora hannunsa mai rai a kan wuyan hannuna ya fara turawa. Hannuna da yake rubuta lissafi a allo ya zama kamar itace. In na karkace ya matse ni, mu tsaya. Wata rana mu yi lanƙwasa ɗaya, wata rana ko rabi ba ma yi barci ya ɗauke shi. Na daina zuwa makaranta da safe, aka yi mini takardar gargaɗi, ban ko karanta ta ba. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ke hana mutum haɗiye abinci. Wata safiya na kasa daurewa na ce, "Baba, don Allah saura nawa?" Ya ɗaga yatsunsa. Har yau ban sani ba ko ƙirga mini yake yi, ko rawar hannun ce.

Haka muka yi ta maimaitawa har rani ya ƙare. A lanƙwasa ta bakwai muke Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in ƙanwata ta same ni ina kallon yadin. Ta ce, "Yaya, yanzu ai kana da farkonsa. Ka ba manhajar ta ƙarasa." Na yi mata tsawar da ba ta cancanta ba. Tana fita kuma na ɗauki hoton yadin na tura wa manhajar. Ta ƙarasa shi kafin in ajiye numfashi, har karkacewar hannuna ta kwaikwaya, ni kaina na kasa gane mahaɗin.  Na ce wa ya sani, ko wannan karon an dace.

Na buga shi a takarda, na sa yadin a leda, na koma Ƙofar Wambai. Takardar kawai na miƙa wa dattijon, ban gaya masa komai ba. Ya nemo inda tawada ta yi kauri ya ɗora allura. Yana bi yana gyaɗa kai, leɓensa na motsi, kamar mai tafiya a unguwar da ya sani. Ya wuce lanƙwasa ta biyar, ta shida, ta bakwai. Ya ɗan gota kaɗan, sai ya dawo baya, ya kwantar da allurar a kan takardar.

"Nan ya tsaya ko?"

Na ce nan ne. Na fito da yadin na nuna masa. Ya shafa shi da bayan hannu, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce in bar masa ya ɗinke mini iya nan, kyauta, in ajiye don tunawa.

Na ce a'a, zare zai rufe tawadar. Na ninke yadin na mayar a leda, na cusa a cikin rigata, don na ga hadari ya fara haɗowa.