Ɗana Ba Mahaukacin Girgije Ba Ne

Hasiya matar ɗana ce ke rubuta mini wannan a ɗakina a unguwar Rikkos, Jos, ni Tabawa ban san baƙi ba. Hasiya, sa sunan da hannunki, kin san ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama shi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Lukuman ya rasu ran Alhamis, sha bakwai ga Sha'aban, wai sha biyu ga Yuli 1979, a haɗarin mota kan hanyar Zariya. Can Zariya injin lissafin da yake hasashen ruwan sama da shi yake, can yake zarya tun da ya dawo daga karatu a Turai.

Yaro, raina a ɓace yake. Ba da Allah nake ba, da mutane nake. Ana zaman makokinka Bala mahauci ya ce, "Allah ya jiƙan mai ƙirgen girgije, boko ya taɓa shi." Har da masu murmushi. Jiya 'yarka Mariya ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce mata 'yar mahaukaci. Kunya ta hana ni yabonka kana raye, to yau a rubuta.

Ni ka yi wa bayani ina tuƙa tuwon acca. Ka ce, "Inna, injin nan tsalle yake yi cikin lokaci. In na ce ya riƙa tsallake awa guda, sai hadarinsa ya haɗu ya juye ruwa gaba ɗaya, sama ta washe. In na ce ya yi taku ƙanana, sai girgijen ya daɗe yana yayyafi. Sama ɗaya, amsa biyu. Wanne zan gaya wa manomi?" Na ce oho. Amma na gane. Wannan maganar mahaukaci ce?

Taku ƙanana na cin lokacin inji, ogan naka kuwa ya ce kai kaɗai ne mai aiki? Yi dogon tsalle ka ba wasu wuri. Ka yi, girgije ya fito a karkace, suka ce ga shi aikin banza ne. Haba! A ɗaure wa mutum ƙafa a ce bai iya gudu ba? Roƙon ƙarin lokacin nan ne ya sa ka hau motar.

Ban ce ba ka kuskure ba. Bara ka ce wa maƙwabciyarmu Ulonma ta shanya barkononta, ba ruwa ranar. Kafin azahar Jos ta yi halinta. Kai ka kwashe shi a jiƙe cikin rigar ofis, ka busar mata a kan murhu, muna ta atishawa, tana cewa, "Oga Malam, injin naka ya sha giya ne?" Ka fi kowa dariya. Kwanon ɗakin nan da ke yoyo, kai ka hau ka liƙe.

Ko ka yi daidai a lissafinka, ban sani ba, ba a bar ka ka gama ba. Amma da hankalinka ka tafi. Hasiya, a karanta wannan ran sadakar bakwai, Bala na zaune, Mariya na ji.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka. Hasiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Na yafe maka, Lukuman.

Ajiye alƙalamin, na gaji.