Zomon Azurfa da Na Narkar

Shekarar da na haihu a unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje, ina tsakiyar karatun digiri na uku, wata tsohuwa 'yar China da muke maƙwabtaka ce ta zame min uwa. Ranar suna ta kawo wa jaririyar kwabon azurfa a rufe cikin roba, da hoton zomo a jikinsa. Ta ce a ƙidayarsu kowace shekara da dabbarta, sai an yi sha biyu a sake zagayowa, kuma 'yata a shekarar zomo ta faɗo. Marigayi mijinta ne ya tara kwabban, ɗaya duk shekara, har suka cika sha biyu. Da bakinta ta gaya min, amma hankalina yana kan tukunyar shinkafar baƙi.

Ni fa ban iya ajiye abu ina kallonsa ba. A gidanmu in azurfa ta shigo, wurin maƙeri take kwana. Da muka je Kano hutu na fasa robar da wuƙa na kai masa. Ya yaba kyan azurfar, ya narkar da zomo, ya ƙero 'yar munduwa. Har murna nake yi, wai na karrama kyautar mutane.

Da muka dawo, ko jaka ban kwance ba na ƙwanƙwasa wa tsohuwar ƙofa, na ɗaga hannun yarinya ina washe baki. Ta daɗe tana shafa munduwar da babban yatsa. Ta tambaya ko zomon ne wannan, na ce ƙwarai. Sai ta ɗauko wani akwatin katako ta buɗe: gurbi sha biyu, na zomo ne kaɗai wayam. Ashe tunda ba ta da jika, niyyarta ta riƙa ba yarinyar ɗaya duk shekara, har su sake haɗuwa wuri guda. Kunya ta rufe ni. Daga baya na ga irin kwabon a kantunan unguwar Bukit Bintang, amma ba wanda mijinta ya zaɓa da hannunsa ba ne, ban saya ba.

Na ɗauka na yanke wa 'yata rabo. Da sabuwar shekararsu ta zo, sai ga tsohuwar da lemo biyu da kwabo na gaba. Ta wuce hannuna da na miƙa, ta sa shi a tafin yarinyar, ta naɗe 'yan yatsunta a kai.

"Wannan ki riƙe abinki lah," in ji ta, da "lah" ɗin nan da mutanen garin ke rufe magana da shi. "Kada ki ba Mama."