Tambayar da Nasiba Ba Ta Amsa Ba

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Nasiba, a ƙauyenmu da ke bakin kogi kusa da Rusairis. Kisra take toyawa tana sayarwa, waina ce ta dawa mai faɗi, siririya kamar mayafi. Karatun boko ba ta yi nisa ba. Mijinta Tahir direban mota ne, yaƙi ya rutsa da shi a gabas, sai dai saƙo in hanya ta samu. Ita da surukarta Inna Hauwa ke riƙe da gidan.

Koriyanci kuwa ƙanwarta Huda ce ta jawo mana. Kafin yaƙi ta zo hutu daga jami'a da waya cike da finafinan Koriya. Mu muna kallo don mu sha kuka, Nasiba tana can tana kasa kunne ga yadda suke magana. Huda ta zuba mata darussa a wayarta ta tafi. Daga nan muka shiga uku. Da sassafe tana shafa ƙullu a kasko, waya tana magana tana maimaitawa, har wata tsohuwa ta ba da shawara a kai ta a yi mata ruƙiyya. Ni na fi kowa tsokanarta, amma na san ba wasa take yi ba. Ta taɓa gaya mini cewa ta gaji da tsintar harshen kamar kala a gona, tana son malami a gabanta kullum har bakinta ya faɗa.

Rannan Huda ta aiko daga Masar, inda ta yi gudun hijira. Wata ƙungiyar Koriyawa za ta ɗauki 'yan Sudan kaɗan, ta koya musu harshen safe da yamma tsawon shekara, ta ba su na'ura da farantin sola. Sai an gana da malama ta bidiyo tukuna, kuma ganawa ɗaya ce tak. Wanda ya faɗi sai ya haƙura.

Shabaka, wato intanet, ta daɗe da mutuwa a wajenmu. Wuri ɗaya ake samunta, shagon wani Nasir a kasuwar Rusairis, mai kwanon da ke kamo ta daga sama. Inna Hauwa da ta ji cewa maza ke cika shagon, sai ta jawo mayafinta.

“Matar ɗana ba ta zama cikin maza ita ɗai. Ƙahwata ƙahwarta.”

Na so in hana, don na san halin tsohuwar. Nasiba ta taka mini ƙafa. Haka muka tafi mu uku.

A hanya masu bindiga suka tsayar da motar da muka shiga, suka sauke kowa. Ɗaya ya karɓi wayar Nasiba yana jujjuyawa. Ta kafa wa wayar ido, domin duk abin da ta tara yana ciki. Allah ya sa hankalinsa ya koma kan buhunan wani ɗan kasuwa, ya miƙo mata. Muka isa shagon rana ta ɗaga, layi har waje, janareto yana tari kamar tsohon mashayin taba. Sai da na yi rashin kunya kafin aka ba mu wuri. Na ce wa Nasir in lokacin ya wuce tana layi, da ni zai yi. Ya ba ta kujera a lungu, Inna Hauwa ta zauna a kan buhu, gwiwarta tana taɓa ta Nasiba.

Fuskar malamar ta fito, mace mai tabarau da fara'a. Ni ba na jin ko kalma, fuskoki kawai nake karantawa. Nasiba ta gaishe ta. Malamar ta yi tambaya, ta amsa. Ta sake yin wata, ta amsa da tsawo har tana kwatanta shafa ƙullu da hannu, malamar ta tuntsire da dariya tana tafi. Mazan da ke shagon suka yi tsit. Hoton ya tsaya cak, sannan ya dawo. Na fara cewa a raina mun tsallake.

Sai malamar ta yi wata 'yar gajeruwar tambaya.

Nasiba ta buɗe baki ta rufe. Ta saci kallon surukarta, ta sunkuyar da kai. Malamar ta maimaita a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa wanda bai gane ba. Shiru.

Na raɗa mata: “Ke, hwaɗi wani abu mana, ko mi ne ne.”

Ba ta ko dube ni ba. Malamar ta yi tambayar karo na uku, fara'arta ta ragu, ta duƙa ta rubuta wani abu. Ta ƙara tambaya biyu, amma Nasiba ta riga ta rikice, amsoshin suka fito a karye. Aka yi sallama, allo ya yi duhu.

Sai a mota, da na dame ta, ta gaya mana. Ta faɗa wa malamar cewa tana da 'ya'ya, shi ne malamar ta tambaye ta sunan babban.

Na ji kamar in fasa ihu. Maliki ɗan farinta ne, saurayi yanzu, yana aikin gona a Dinder. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, “yaron nan” take cewa. Ga shi kuma sunan surukinta marigayi ya ci, mijin tsohuwar da ke zaune gwiwa da gwiwa da ita.

“Ya zola, baiwar Allah, ai da kin ƙirƙiro wani suna,” na ce. “Ali, Salih, wa zai bincika?”

“In ba ɗana sunan wani, gaban kakarshi?” ta ce. “Na so in yi mata bayani, Sara. Na nemi kalmomin ban samu ba. Darussan ba su kai nan ba.”

Inna Hauwa, wadda ban taɓa jin ta yabi kowa ba, ta kama hannun Nasiba ta riƙe har muka sauka.

Saƙon ya zo ta hannun Huda bayan 'yan makonni. Sun yaba ƙoƙarinta, amma sun ga tana kasa gane tambayoyin farko-farko, don haka sun ba wani gurbin. Haushi ya hana ni cin abinci ranar. Ban san wa zan zaga ba, malamar da ba ta san mu ba, ko mu.

Kafin nan Inna Hauwa ta riga ta zaga ƙauyen da labari. Surukarta 'yar mutunci ce, an tsare ta a gaban maza da baƙuwa, an tambaye ta har sau uku, ba ta zubar da kunya ba. Mata suka riƙa shigowa suna sa mata albarka, har da tsohuwar nan mai ruƙiyya. Wata ta kawo 'yarta budurwa ta ce ta yi koyi. Nasiba ta dafa musu shayi, tana amsa “amin” kanta a ƙasa.

Da suka watse na zauna ina taya ta wanke kofuna. Ta daɗe tana cuɗa guda ɗaya wanda ya riga ya fita.

“Na gane tambayar tun karo na farko,” ta ce. “Duk cikin abin da tat tambaye ni, ita ta fi sauƙi.”