Bel ɗaya a motar Baba Modu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin tafiya makaranta aka bugo min waya: Baba Modu direba ya rasu a hanyar Guri.

Har yanzu mayafin na hannuna, na kasa yafawa.

Shi ne mai tsohuwar a-kori-kurar nan shuɗiya da ke lodi daga Haɗeja. Mahaifina ne ya sayo ta sabuwa lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasar nan, Baba Modu na ja masa, da zai rasu ya bar masa ita. A gabanta na koyi haɗa baƙi. Yakan sa ni karanta masa rubutun bayan manyan motoci, don shi sai ajami.

In ya dawo daga Baturiya, ya ajiye min bandar kifi a zaure ya wuce, ba ya jiran godiya.

Motar ta fito tun ba a san bel na kafaɗa ba. Na dame shi a sa mata. Ya ce direban fadama ba ya ɗaure kansa, in ruwa ya ci hanya da damina so kake ka fice da wuri. Na ce to da rani fa, da shanu ke faɗowa titi? Ya ce boko ya ƙara min baki.

Amma ya je Kano ya nemo na gwanjo. Guda ɗaya ya samu wanda ya dace. Mai walda ya ƙara ƙarfe a jikin ƙofofin, ya huda ɓangarorin biyu, ya tambayi inda za a ɗaura. Baba ya nuna kujerar fasinja.

Ganina da shi na ƙarshe a tasha ne, ina yi masa faɗa kan nasa ɓangaren. Abokansa na gefe suna tsokana, wai Modu ya tsufa ya fara tsoron mutuwa. Ya sassauta murya ya ce min: "Haba 'yar Malam, wanda ya hau ai amana ne. Nawa sai na koma Kano."

Bai koma ba. An ce min duk sanda ya ɗauko maganar sai su sa shi a gaba da dariya, har ya bari.

Saniya ce ta tsallako masa yau. Bafulatanar da ke gaba, wadda ya ja wa bel ɗin da hannunsa, ta fito da ƙafarta, ƙwaryarta ce kawai ta fashe. Shi sitiyari ya daki ƙirjinsa.

Na san ajali, kada wanda ya zo min da wa'azi a kwament. Amma ku masu dariyar tasha, kafin ku zauna a tabarmar gaisuwa ku leƙa motar. Hudar na nan ta ɓangarensa, babu komai a cikinta.

Yanzu babu sauran mai ce min 'yar Malam a garin nan.

Allah Ya jiƙan Baba Modu, Ya riƙe shi yadda ya riƙe amanar mutane. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.