Kaka Saratu a Bencin Baya

A gidanmu na unguwar Madaki ba a kashe murhu da zarar an sauke tuwo. Kaka Saratu, mahaifiyar babanmu, takan jawo kujerarta kusa da garwashi ta jera masara a kai, mu jikoki mu kewaye ta. Unguwa ta san ta da abu biyu: iya tatsuniya, da kuma zaman horo a coci. A bencin baya take zama, ba ta cin jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake raba wa masu bi. An gaya mata abu ɗaya ne zai fitar da ita, ta tsaya gaban jama'a ta ce ta tuba, ita kuwa ta ƙi. Mu yara ba mu san laifinta ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaya.

Cikin tatsuniyoyinta akwai guda da babu kura babu zomo, ita muka fi roƙo. Takan juya masara tukuna, ta ce, "Ga ta nan, ta mutanen da aka ƙwace wa ganga."

Wai an kwashi waɗansu baƙaƙen fata a jirgin ruwa aka kai su bauta wata ƙasa mai nisa. Iyayengijinsu suka lura in an buga ganga a wannan gona ta can takan amsa, sai suka hana ganga. Mutanen suka koma tafi da buga ƙafa. Ana nan, bayan wani yaƙi, tsofaffin ƙahonin tagulla na soja suka faɗo hannun jikokinsu, waɗansu duk a lotse. Sai suka busa su yadda suke hira: wannan ya faɗi tasa, wancan ya amsa, na uku ya katse su. Masu rubutu a jarida suka ce hayaniya ce ta gidan giya. Su kuwa in nasu ya mutu sukan raka shi da busa a hankali, da an rufe kabari su juyo da kiɗa mai zafi, suna rawa har gida.

"Jaz sunan kiɗan," in ji Kaka. "Masu jaridar ma sun mutu, amma ban ji wanda ya yi musu rawa ba."

Wata yamma Baba, wanda dattijo ne a cocinmu, ya dawo ya tarar tana tsakiyar labarin.

"Mama, don Allah ki daina cusa wa yaran nan zancen 'yan hotal," ya ce. "Ran Asabar dattawa za su sake zama a kanki. Tuban nan fa ba wuya. Ina tsoron ki mutu cikin horo, a binne ki ba waƙa ba wa'azi."

"Zauna, Yohanna. Tunda ka taɓo, bari su ji daga bakina."

A ranar muka ji. Kakanmu Bulus ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. A can ya haɗu da 'yan kudu masu garmaho da faya-fayan jaz, ya koyi busa ƙaho, yana yi musu kiɗa a kulob ran Asabar. A bakinsa ta ji wancan labarin. Dattawa suka sa shi a horo, a ciki kuma ya mutu. Kafin ya cika ya roƙe ta abu ɗaya, kada a dawo daga maƙabarta shiru. Abokan kiɗansa sun zo da ƙahoninsu, amma aka gargaɗe su, sai suka maƙale su a hammata kamar kayan sata. Aka yi gajeriyar addu'a, aka rufe, jama'a suka juyo ba mai ko tari. Sai Kaka ta fizge ƙahon ɗayansu ta kai baki.

"Ban taɓa busawa ba a rayuwata," ta ce. "Abin da ya fito, kukan jaki ya fi shi daɗi. Na sake busawa. A na uku maza suka ji kunya suka kama. Da rawa muka shigo Madaki. Kai ma ka taka, Yohanna, kana riƙe da wando kada ya zame."

Muka kwashe da dariya. Baba bai yi ba.

Kaka ta dube shi ta ce, "Ka gaya wa dattawanku, in tuba suke so, na tuba da ban iya busa ba. Sauran kuwa, ko gobe zan ƙara."

Gaskiya a lokacin kunyarta nake ji. Ina shiga coci nakan kauce kada ƙawayena su ga na gaishe ta a can baya, taurin kai kawai nake gani. Sai da na girma na zama malama, na fara sauraron tsofaffin faya-fayan a waya ina karanta tarihinsu, na ga Kaka ta haɗe shekaru masu yawa wuri guda, ba ta kuma riƙe sunan kowa ba. Amma ba ta yi ƙarya ba: kiɗan da aka kira hayaniya, yau littattafai ake rubutawa a kansa. Sannan na gane abin da ake nema a bakinta. So ake ta tsaya gaban 'ya'yanta ta ce abin da mijinta ya fi ƙauna abin kunya ne, alkawarin da ta cika masa kuma zunubi. Har yau ina jin zafin gaisuwar da na hana ta.

A cikin horon ta rasu, a asibiti, Baba kaɗai ke gefenta. Da safe Pasto ya zo gida, mutum mai tausayi, ya ja Baba gefe ina kusa ina ji.

"Dattijo, kai kaɗai ka ji maganarta ta ƙarshe. In ka ce ta tuba, ba wanda zai ƙara tambaya, a yi mata cikakkiyar jana'izar coci, da waƙa da wa'azi."

Hanya ce ya buɗe masa, ni ma na gane. Shekara da shekaru Baba yake neman wannan. Ya ɗago kai ya dubi Pasto.

"Ba ta tuba ba, Pasto," ya ce, da ƙarfi yadda duk tsakar gida za a ji. "Ba zan tuba mata ba."