Katin “Gado” da Salisu Ya Bari a Allo

Damina biyar ke nan da muka kai Salisu makwancinsa a Kore Mairuwa, amma har watan jiya bai daina aiko mini da saƙo ba. Na san yadda wannan magana za ta sauka a kunnen wanda ya tashi a ƙasar Arewa yana jin labarin doguwa. Ku yi haƙuri in bi ta daki-daki.

Salisu abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko, shi ne kuma shef ɗinmu, shugaban ɗan ofishin da muke ce wa biro, wanda muka buɗe a Dogon Dutsi, mu shida, muna rubuta manhaja. Allon aikinmu a ordinate yake, wato kwamfuta, ya raba shi gida uku yadda manomi ke raba shekara: shuka, noma, girbi. Kowane aiki da katinsa, kowane mutum kati ɗaya tak a hannu. Ka ɗauki biyu, sai ka ji numfashinsa a ƙeyarka yana cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Dokarsa ta biyu ce ta fi ba ni haushi. A ganinsa idan aiki ya tsaya, mutum ne ya tsaya, kuma ba a gane damuwar mutum ta waya. Har ya rubuta wani ɗan tsari na layi huɗu a cikin ordinate: duk katin da ya kwana uku bai motsa ba, saƙo ya tafi wayar shef da ƙarfe takwas na safe. In kuwa katin shef ne, saƙon ya zo wa mataimakinsa, wato ni. Da bakinsa na Ba'are, ɗan ƙasar Arewa tamu, ya rubuta shi: “Aikin ga ya kwan ukku hannun wane. Tashi ka tai ka gane shi, kak ka kira shi ga waya.” Nakan ce masa wannan ɓata fetur ne. Yakan ce zumunta a ƙafa take, aiki ma haka.

A waccan daminar muna yi wa wani ƙaramin asibiti manhajar da za ta nuna gadon da ke da majinyaci da wanda babu kowa. Salisu ya ɗauki kati mai kalma ɗaya, “Gado”, ya tafi Kore Mairuwa taya tsohonsa noma. Kwana uku saƙo ya shigo mini da sunansa. Ga babur a ƙofa, ga hanya ba nisa, amma aiki ya sha mini kai, sai na kira. Ya ce, “Masassara ta ’yak kaɗan, Mamman. Tsaya ga aikinka.” Na tsaya ga aikina. Bayan kwana biyu aka kira ni jana'iza.

Aka yi sadakar uku, washegari da takwas waya ta yi ƙara. Shi ne. Daga nan duk kwana uku sai ya dawo, kalmomin ba su sauya, kwanakin ne ke ƙaruwa. Na sake waya sau biyu, ya biyo lambata. Ran da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, yana dawowa saƙon ne farkon shigowa. Matata ta koyi kife wayar kafin takwas ba tare da ta dube ni ba.

Hadiza, wadda ta zama mataimakiyata da na gaji kujerar shef, ba ta da wannan tsoro. Ta ce, “Shef, layi huɗu na fa. In goge?” Na hana. Innar Salisu kuwa, tsohuwa daga wajen Lugu, da labarin ya kai mata cewa ta yi, “Kai ka ƙi tahiya wurinai, shi na ya zaka wurinka.” Ni na san layi huɗu ne, na iya karanta su. Amma maganar tsohuwar ce na kasa musawa, domin laifina ta faɗa.

Da Salisu zai leƙo yau, na'urar da ke rubuta manhaja da kanta ba za ta ba shi mamaki ba, zai ce an samu sa na huɗa. Abin da zai ɓata masa rai ni ne. Ma'aikatanmu sun watsu, wasu a Yamai, Hadiza a Tibiri, akwai wanda rabona da fuskarsa tun sallar bara. Kowa kati uku a hannu, girbi kuwa sai a hankali. Saƙon ma na kashe wa kowa shi, ban da katin nan guda, wanda ban taɓa iya buɗewa ba. Aikin gadajen asibiti mun gama shi tuni a wani katin, ban ga abin da zan nema a ciki ba sai ciwo.

Watan jiya na hau babur na je kabarinsa, tafiyar da ta makara da shekara biyar. Na yi addu'a, na zauna gindin gawo, na buɗe katin. Ashe ba gadon kwanciya yake nufi ba, gadon da ake gada ne, mu duka muka karanta da muryar da ba ita ba. Ya rubuta: “In koya ma Mamman riƙon mutane, in miƙa mishi biro bayan girbi. Ya iya aiki, ƙahwa ta ba shi da.” Na yi dariya, na yi kuka, ni kaɗai a maƙabarta.

Na cire sunansa na sa nawa, ban kai katin girbi ba don ban cancanta ba tukuna. Na kunna wa kowa saƙon, na mayar da kati ɗaya a hannu. Asibitin nan ya sauya manhaja, duk abin da Salisu ya rubuta ya shuɗe sai layi huɗun nan, kuma su ma ba komai suke yi ba sai tayar da mutum ya je wurin mutum. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwana uku bayan haka takwas ta yi, wayata shiru. Ranar na ji mutuwarsa sabuwa. Wajen hantsi aka yi sallama a ƙofar biro. Hadiza ce, jakarta a kafaɗa, ta taso tun daga Tibiri. Ta ɗaga mini wayarta ta ce, “Shef, an ce in zaka in gane ka. Mi ya riƙe ka?”