Fadamata da Man Janareta

Shekarar da aka yi wa maiɗakina aikin ciki na gane ina jin haushin taubashina, ɗan gwaggona mai kiwo a bayan Rabah. Tare muka tashi. Ni na bi duniya, na yi fataucin goro a Kumasi, na yi dako a Jidda, na iya Larabci da Faransanci. Shi bai taɓa wuce Sakkwato ba. Da na dawo Wurno na zuba abin da na tara a fadamar albasa wajen Goronyo, shi kuwa shanunsa sai haihuwa suke.

Asibitin kuɗi muka je, don can aka samu likitan fiɗa. Kafin a taɓa ta aka ce in sayo safar hannu da zaren ɗinki da ledar ƙarin ruwa, in nemo jini, in kuma biya man janareta. Na taɓa kwanciya asibiti a Jidda, ban ga wuta ta ƙifta ba, balle a ce majinyaci ya saya mata mai. Na tambayi likitan ina kuɗin nan ke zuwa. Bai ɓoye mini ba. Ya ce maganin sa barci da dala ake shigo da shi, firjin jini ba ya zama ba wuta, mai ba da maganin kuma daga birni ake ɗauko shi.

Na yarda da shi, amma yardar ba ta rage ko kwabo ba. Albasata tana ƙasa, ba ta ƙosa ba.

Sai ga taubashin nawa ya zo dubiya da ƙwaryar nono. Bara waccan matarsa ta kwanta a wannan asibitin. Bajimi guda ya kaɗa kasuwa, kafin la'asar ya sallami kowa.

"Mutumin Jidda, mi ya faru?" ya ce. "Yi ma likita Faransanci mana, ko shi rage ma."

"Rufe min baki, bawana. Ba don gādon gwaggo ba, ko akuya ba ka da."

"Akuyar dai tana biyan asibiti. Albasa sai hawaye."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya ya ce zai kaɗa mini sa ɗaya, kyauta. Na ce ba na cin kyautar bawa, sai dai ya karɓi fadamata jingina. Ya ƙi, na rantse, ya karɓa.

An yi aikin, ta tashi, alhamdu lillahi. Fadamar har yau ban fanso ta ba. 'Ya'yansa ke nomanta, suna zuba mata takin shanu, tana ba su abin da ba ta taɓa ba ni ba. Duk kaka sai ya aiko mana da buhu. Maiɗakina ta yanka a miya tana sa masa albarka, ni kuwa in ce mata albasar ta yi yawa.